Ƙugiyar da Ba Ta Sha Wuta Ba

Ran Talata da hantsi wayar shanyarmu ta tsinke. Matar ɗana ta gama wanki, ta jera zannuwa da rigunan yara jiƙe sharkaf a kanta, ta juya za ta ɗauki baho ke nan sai muka ji ƙas, kaya duka suka zube cikin ƙasa. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana salati, tana cewa wayar nan ko shekara ba ta yi ba, kuma jiya-jiyan nan maigidanta ya kwance ta ya sake murɗe ta jikin ƙusa don ta yi tsauri. Na tashi daga tabarma na je na kamo bakin da ya tsinke, na kai shi kusa da ido, don idon yanzu sai an kawo masa abu har gida. Bakin fari ne tas, yana ƙyalli kamar ɓarin gishiri. Bai miƙe ba, bai sirance ba, kai ka ce wuƙa aka sa. Na san wannan bakin. Na taɓa ganin irinsa ina yarinya, a tafin hannun ubana.

Gidanmu gidan ƙira ne. A gefen Madarumfa yake, ta wajen da ake gangarawa tabki, kuma duk wanda ya kwana a unguwarmu ba ruwansa da carar zakara. Ana idar da sallar asuba za ka ji zugazugi ya fara numfashi kamar saniya ta kwanta bayan kiwo, can sai masaba ta ɗauka. Inna, uwata, tana daka a cikin gida, kakana yana dukan ƙarfe a rumfar waje, taɓarya da masaba suna karɓa wa juna har kaji suka saba. Ƙaurin gawayin ƙirya yana cikin tufafinmu, yana cikin furarmu. In na je ɗibar ruwa ƴan mata sukan ce a matsa, ga mai warin wuta ta iso. Gab da damina manoma sukan cika rumfar, masu salla da Anna masu bin al'adar kakanni, kowa da tsohuwar hauyarsa a kafaɗa, wani daga Gabi, wani daga ƙauyukan hanyar Ɗan Issa. Su zauna kan kututture suna gardamar ranar da ruwa zai sauka, ba wanda yake sauri. Yanzu in abu ya karye sai a kai wa masu walda na bakin titi, su sa baƙin gilashi, su ɗiga masa shuɗiyar wuta, mutum ya karɓi kayansa ya wuce ko zama bai yi ba. Ban ce aikinsu ba shi da kyau ba. Amma ba na jin suna sauraron ƙarfe, don ƙarar injinsu ba ta barin kowa ya ji komai.

Kakana, wanda kowa a gidan yake kira Tsoho, da kunne yake aiki fiye da ido. Yakan ce ƙarfe mai zafi yana amsa masaba da murya ƙasa-ƙasa, kamar mutumin da ya ƙoshi, in kuwa ya fara sanyi sai muryarsa ta hau, ta yi tsini, to nan ne maƙeri na gari yake ajiye masaba ya mai da shi cikin wuta. Wata rana wata mata ta kawo munduwarta ta tagulla ta rabu biyu, tana rantsuwa bakin mutane ne, don ba ta buga ta da komai ba, cirewa kawai ta zo yi. Tsoho ya tambaye ta sau nawa take buɗe ta ta rufe. Ta ce kullum, in za ta yi daka ta buɗe ta cire, in ta gama ta mayar ta matse. Ya yi murmushi, ya hango ni ina leƙe daga ƙofar zaure.

"Amaryata, zo nan, yau ke ce maƙeriya."

Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika. Ya ba ni wani siririn zaren tagulla ya ce in lanƙwasa in miƙe, in lanƙwasa in miƙe. Da farko laushi gare shi kamar ɗanyen kaba. Ina yi, ina yi, sai na ji yana gardama, wurin lanƙwasar ya yi tauri har ya ɗauki ɗumi a yatsuna. Na ce, "Tsoho, ya ƙara ƙarfi." Ya ce, "Ci gaba dai." Ban ƙara uku ba ya rabu a hannuna, ba ko gargaɗi.

"Kin gani? Ƙarfin fushi ne wannan. Duk dukan da ƙarfe ya sha da sanyi yana riƙe da shi a ciki, ba ya mantawa. Wuta kaɗai ke mantar da shi."

Ya ɗauki guntun ya sa a wuta har ya yi ja, ya bar shi ya huce, ya miƙo mini. Ya koma laushi kamar ba a taɓa shi ba. Sannan ya juya wajen mai munduwa, amma ni yake kallo, ya ce ƙarfe mai laushi in kaya sun yi masa yawa miƙewa yake, ya buɗe baki, ya yi maka sallama kafin ya tafi. Wanda aka daka da sanyi ba ya sallama. Mutane suna cewa da zafi-zafi akan daki ƙarfe, suna nufin a hanzarta. A gidanmu in an faɗi haka ana nufin kada ka taɓa shi in ba zafin.

Tsoho yana da aboki, mai yasar rijiya, wato mai shiga ƙasan rijiya ya kwashe yashi da taɓon da suka toshe idon ruwa. Gajere ne mai kaurin damtse, ko yaushe yana ƙamshin laka. Cikin Anna yake, goshinsa bai taɓa taɓa ƙasa ba, amma in watan azumi ya kama ko goro ba ya ci a gaban Tsoho. Tsoho yana kiransa Kwaɗo, shi kuma yana kiran Tsoho Gawayi, mu yara da ubanmu duka muna ce masa Kawu. Kowace shekara in sanyi ya wuce, kafin rijiyoyi su fara ja baya, za ka gan shi tafe da ƙugiyarsa rataye a wuya.

"Gawayi, kana nan ba ka ƙone ba?"

"Kwaɗo, wa ya fito da kai tudu? Ko rijiya ta yi amanka?"

"Uwargida na kawo ta sha wuta. Ka riƙe min ita da mutunci, ta fi ka amfani."

Ƙugiyar ce uwargida. Ƙarfe ne mai kaurin babban yatsa, an lanƙwasa shi, a ƙarshen igiya ake ɗaure shi. In Kawu yana ƙasan rijiya yakan cika babban gugan fata da jiƙaƙƙen yashi, ya rataya a ƙugiyar, maza na sama su ja. Rijiya kuwa ƙunci gare ta, ba wurin kaucewa, duk tsawon hawan nan kayan suna bisa kansa. Shi ya sa yake cewa matarsa ta gida tuwo kawai take riƙe masa, wannan ita ke riƙe da ajalinsa. Cikin aikin shekara bakin ƙugiyar yakan ɗan buɗe saboda nauyi. Tsoho ya sa ta a wuta ta yi ja jawur, ya mai da bakin yadda yake, sannan ya binne ta cikin toka mai zafi. Ba ya tsoma ta a ruwa. Sai washegari za a tono ta, ta huce a kan lokacinta. Kawu ya yi ta ƙorafin an riƙe masa mata kwana guda, Tsoho ya ce in yana sauri ya tafi ya auri igiya.

Shekarar da nake son faɗa, Tsoho ya kwanta ciwo tun ƙarshen kaka, ya kai har bazara. Ubana ya riƙe maƙera, kuma ya iya, amma Kawu bai kawo ƙugiyar ba. Daga baya ya ce kunya ce ta hana shi: ya shiga ya gai da abokinsa yana kwance, ya fito kuma ya miƙa wa ɗansa aikin da uban ya saba yi, kamar ya riga ya binne shi ke nan. Ya yi ta jira Gawayi ya tashi. Gawayi bai tashi ba. Ya rasu wata Lahadi da walaha, ana tsakiyar zafi, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Akwai al'ada a gidanmu, tun kakannin kakanni. In babban maƙeri ya rasu ana kashe wutar maƙera, a share tokar, a kife zugazugi, ba a sake hurawa sai an yi sadakar bakwai. Ba addini ya ce ba, liman ma ya sha faɗin haka, amma ba wanda ya taɓa ƙetarewa. Rumfar da ta saba da ƙara ta zama wurin zaman makoki, aka shimfiɗa tabarmi kewaye da uwar maƙera, wannan dunƙulen ƙarfen da ake duka a kansa. Unguwa ta yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Har kukan kurciya daga gawon bayan gida nake ji, ashe kullum tana yi.

A kwanakin nan ne rijiyar unguwa ta ƙi. Dama tana ta ja baya, ga kuma baƙi ƴan gaisuwa sun cika gidaje, kowa na son na sha da na alwala. Guga ya koma fitowa da rabin taɓo. Tabki yana nan, amma a wannan lokaci na shekara ya janye nesa, shanu sun dama bakinsa, ruwan ya yi kauri, in an ba ƙananan yara sai ciki ya ɓaci. Mata suka fara magana, maganar mata kuwa in ta shafi ruwa ba ta kwana a cikin gida. Ran kwana na huɗu, bayan azahar, Kawu ya zo da ƙugiya a hannu. Ina tsakar gida ina wanke ƙwarya, zana ce kawai tsakanina da rumfar, ina jin komai. Ya yi gaisuwa, ya zauna, sannan ya ce gobe yake son shiga rijiya, amma bakin uwargida ya buɗe, guga zai iya zamewa.

Ubana ya ce, "Kawu, ka ga wuta a kashe take. Saura kwana uku."

"Na gani. Ni zan iya jira. Tulunan mata ne ba su san bakwai ba."

Ƙanen Tsoho, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya ce wuta kam ba za a hura ba, ba a kansa za a fara ba. Liman ya ce shi dai a littafi bai ga hani ba, amma gida na masu gida ne. Can wani daga cikin ƴan gaisuwa ya ce, to ai wuta aka hana, ba a hana masaba ba, ɗan matse baki ne kawai, duka nawa ne? Mutane suka ce haka ne, haka ne, kowa ya ji daɗi an sami hanyar da ba ta taka al'ada ba kuma ba ta bar mata da ƙishi ba. Ubana ya san abin da na sani, ya fi ni sani nesa. Amma ya auna a ransa cewa ƙarfen da ya sha wuta bara zai ɗauki matsa guda. Abin da bai sani ba, kuma Kawu bai faɗa ba, shi ne cikin watannin ciwon Tsoho bakin ya buɗe har sau biyu, Kawu ya mai da shi da kansa, da dutse, a bakin rijiyar wani ƙauye.

Masaba ta sauka. Ƙarar ta ratsa gidan kamar an fasa tasa.

Kakata, Iya, tana ɗakinta cikin takaba, da farin zane, ba ta fita ko ƙofar zaure. Ta yi shekaru masu yawa tana jin ƙarfe ta bayan zana, kunnenta ya zama na maƙeri. A duka na uku ta kira ni. Na same ta ta ajiye carbi, ta karkata kai wajen ƙarar.

"Ke, tahi ki ce ma ubanki ƙarfen nan kuka yake. Ya ajiye shi. Kada ya ba mutum."

Yaran yanzu za su ce me ya hana ta ɗaga murya ta faɗa masa da kanta, ga shi zana ce kawai tsakani. Ubana ɗan fari ne. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce masa ko sannu ba. In tana son ya ci abinci sai ta ce wa bango, ga tuwo nan yana hucewa. In magana ce mai nauyi sai ta aiki ɗayanmu. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san duk cikin ƴaƴanta shi ne ranta. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace.

Na fita da saƙo a bakina. Na zagaya ta zaure na iso bakin rumfa, sai na ga maza cike, rawuna da gemu, ga liman, ga dattawan da ban taɓa gani ba. Ɗiya mace ba ta ratsa maza, ba ta kuma fara magana sai an tambaye ta. Na durƙusa a gefe ina jiran ubana ya ɗago ya ce mene ne. Bai ɗago ba. Idonsa na kan ƙugiya, yana juya ta yana duka, kowane duka muryarta na ƙara hawa. Na buɗe baki sau biyu, abin da ya fito ko ni ban ji shi ba. Ina tunanin in na ce Iya ta ce ka ajiye, a gaban mutanen nan, kamar na ce ubana bai iya aikin ubansa ba ke nan, kwana huɗu da binne shi. Ina cikin wannan ya gama, ya shafa bakin da yatsa, ya miƙa. Kawu ya rataya ta a wuya ya taso, ya gan ni durƙushe.

"Af, amaryar Gawayi! Miji ya gudu ya bar ki ko? Kwashe kayanki ki dawo gidana, ni ba na mutuwa, ƙasa ta saba da ni, kullum ina shiga tana maido ni."

Maza suka yi dariya kaɗan, irin ta gidan makoki. Na rufe fuska da gefen zane. Ya wuce, ina ganin ƙugiyar tana lilo a ƙirjinsa. Da na koma ciki Iya ta ce, "Kin faɗa?" Na gyaɗa kai. Ta ɗauki carbinta. Ƙarar ta riga ta tsaya, ta ɗauka saƙonta ne ya tsai da ita.

Na yi niyyar samun ubana shi kaɗai kafin magariba, amma baƙi ba su yanke ba, kuma kowace sa'a da ta wuce maganar tana ƙara nauyi, don yanzu ba saƙo kaɗai zan faɗa ba, har da ƙaryar da na yi. Na ce wa raina ai manya sun gani, sun fi ni sani.

Washegari da hantsi muka tafi bakin rijiya da tuluna, mu da matan unguwa, muna jiran ruwan fari. Maza huɗu suna kan igiya. Kawu ya tuɓe ya sauka, muna jin muryarsa daga ƙasa tana amsa-kuwwa, yana waƙa yana zagin masu ja wai ba su karya kumallo ba. Guga na farko ya hau lafiya, aka juye baƙin yashi a gefe. Na biyu ya hau. Na yi ta ƙirga su a zuci, kowanne ya iso sai in saki numfashi. Ban san ko na nawa ba ne, ya kusa baki har ana miƙa hannu a kama, sai aka ji ƙas, ƙara ƴar ƙarama, ba ta kai ta karyewar kara ba. Masu ja suka faɗi da baya, igiya ta taso ba nauyi. Daga ƙasa muka ji wani tim, waƙa ta tsaya.

Allah ya sa ya jingina da bango yana goge ido, kayan ba su sami kansa ba, kafaɗar dama suka samu. Wani saurayi ya sauka, aka ɗaure shi aka fito da shi, hannun yana rataye kamar ba nasa ba. Da ya buɗe ido ya dubi mutane ya ce, "Rijiya ta bayar, guga ya hana." Ba wanda ya yi dariya. Aka ɗauke shi sai gidan maɗori.

Ubana ya kwance guntun da ya rage a igiya, wanda ya sauka ya miƙo masa ɗayan daga cikin taɓo. Ya dawo gida da su. Bai zauna a rumfa ba, ya shigo tsakar gida ya tsuguna gindin rumbu, ya buɗe tafin hannu yana kallo. Na kawo masa ruwa, a nan na ga bakin karayar. Fari, mai ƙyalli, tsaf, ba miƙewa ba sirancewa, sai wani ɗan baƙin layi a gefe guda inda tsagar ta daɗe da farawa.

Iya ta riga ta ji, labari ya riga mu isowa. Ta kira ni. Na shiga na durƙusa, ban iya ɗaga kai ba. Ta daɗe tana dubana. Ba ta tambaye ni komai ba, ba ta ɗaga hannu ba, da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce kawai, kuma ba da ni take ba, "Ni na aiki yarinya inda ya kamata in tahi da ƙafata."

Ta miƙe, ta gyara farin zanenta, ta fito. Ta nufi murhun Inna, ta ɗauki kasko, ta ɗebi garwashi da hannun ludayi ta cika shi. Matan gida suka tsaya da abin da suke yi. Ta ratsa tsakar gida ta tsaya a gaban ubana, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda aka raɗa masa. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma ban sake ji ba har ta koma ga Allah. Ubana ya ɗago kamar wanda aka tasa daga barci.

"Karɓi. Tahi ka hura wutar ubanka."

Ƙanen Tsoho ya leƙo daga zaure yana cewa saura kwana biyu, a yi haƙuri, me mutane za su ce. Ba ta juya ba. Ta ce, "Wanda ya tahi ba ya shan ruwa, ba ya shiga rijiya. Da yana nan da tun jiya ya hura." Ubana ya karɓi kaskon da hannu biyu. Ƴan gaisuwa suka naɗe tabarmi suka matsa, liman ne ma ya tashi ya juyo zugazugin da aka kife. Kafin la'asar unguwa ta ji numfashin da ta yi kwana biyar ba ta ji ba. Ya ƙera sabuwar ƙugiya daga farko, ya binne ta a toka, bai bari an taɓa ta ba sai da ta kwana. Da ita ɗan Kawu ya ƙarasa yasar, ruwa ya dawo ran sadakar bakwai.

Kawu ya warke, amma hannun bai sake wuce kafaɗa ba, bai sake shiga rijiya ba. Rumfarmu ta zama wurin zamansa, kan kututturen da yake zama da Tsoho. Ubana bai taɓa barin gonar Kawu ta kwana ba noma ba, kuma duk shekara da kansa yake zuwa ya karɓo ƙugiyar daga wajen ɗan, ba ya jira a kawo. Ba da daɗewa ba aka zo neman yaran da za a sa lakwal, wato makarantar boko, masu gari suka ɓoye nasu, aka ce a ba da ɗiyar maƙeri. Na yi karatu har na wuce Maradi. Wata rana mushe, wato malaminmu, ya shigo aji da guntun waya yana lanƙwasawa, yana bayani da Faransanci, da sunaye masu tsawo, har ta karye ya ɗaga yana jiran mu yi mamaki. Na rubuta sunayen a littafi na ci jarrabawa da su, yanzu ko ɗaya ban riƙe ba. Na Tsoho ne suka zauna.

Sai da aka sa ranar aurena na faɗa wa Kawu. Na kai masa fura a rumfa, ubana ya tafi masallaci, na durƙusa a daidai inda na durƙusa waccan ranar na faɗa masa duka, har gyaɗa kan da na yi wa Iya. Ya sha furarsa da hannun hagu, ya goge baki.

"Shi ne kike ɗauke da shi shekara da shekaru? Ni na dake ta sau biyu da dutse na yi shiru. Ubanki ya dake ta da masaba don kada a ce ya taka al'ada. Tsohuwa ta ji ta aiko, ke kika riƙe. Kowa ya sa hannu, ɗiyata, wuta kaɗai ba a gayyata ba. Tashi, kuma gobe ki ƙara nono, wannan furar ta yi ruwa."

Duk sun tafi yanzu, Allah ya yi musu rahama, shi kuma Kawu Allah ya san tsakaninsa da bawansa. Rijiyar an rufe ta da siminti, ƴan mata suna jera bido, jarkokin ruwa, a bakin famfo suna duba wayar hannu, ba mai leƙa ƙasa. Inda rumfar take an yi shago. Matan yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa tun daga ƙofar gida, har su aike shi kasuwa, da can nakan ji abin wani iri, yanzu na bar ji.

Ƴaƴana suna cewa ba ni da kunyar zaure. In ina da magana, ko su wa suke zaune da su, ko alhazai ne ko manyan ma'aikata, sai in yi sallama in shiga in faɗa in fito, su yi ta sunkuyar da kai suna cewa a yi haƙuri, tsufa ne. Ban taɓa gaya musu dalili ba. Matar ɗana ta kwashe zannuwan daga ƙasa ta sake ɗauraya, na taya ta matsewa. Da ɗan nawa ya dawo ya tsaya yana juya guntun wayar yana cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Na bar shi ya gama. Ai tun ranar da yake murɗa ta jikin ƙusa, kafin ta tsinke, baƙinsa biyu suna tsaye suna jiransa, na fito har inda suke na ce masa ya bari, wayar nan kuka take. Sau biyu na faɗa, da ƙarfi.